Pedal mai jin hannu: BD-2, Q-Tron da wata fuz a zafin Maradi

Salamu alaikum ƴan uwa masu kaɗa gita, na cikin Maradi da na kewaye har Tibiri da Madarunfa da Tasawa. Maganar pedal nike son mu yi, ɗan akwatin nan da ake sokawa tsakanin gita da ampli ana takawa da ƙafa don canza sauti, amma ba kowace iri ba, irin wadda ke jin hannun mutum, in ka taɓa tsirkiya a hankali ta ba ka sauti fes, in ka dake ta da ƙarfi ta yi gurnani, ba tare da ka duƙa ka murɗa komi ba. Ra'ayina in faɗa maku tun yanzu, pedal guda mai jin hannu ta fi mani babban akwatin nan mai sauti ɗari da ƙannenmu ke rububi, kuma a cikin waɗanda sunka biyo ta hannuna Boss BD-2 ce nike cewa a fara da ita.

Dalili shine yadda muke kiɗa a ƙasar nan. Da yawa cikinmu da yatsu muke bugu ba da mediyato ba, wato ƴar robar nan da ake kaɗa tsirkiya da ita, babban yatsa na riƙe da tsirkiya mai kauri yana ba da gindin kiɗa, manuni kuma na yin waƙa bisa ƙananan, to duk zaƙin abun yana tsakanin taɓawar da ta yi laushi da wadda ta yi ƙarfi. Ku saurari marigayi Abdallah Oumbadougou, ko Bombino na Agadas, ko marigayi Ali Farka Touré na Mali, za ku ji nota guda an buga ta sau biyu a jere amma ba iri ɗaya ta fito ba, ta farko a kwance ta biyu da cizo. Ko ƴan Tal National na Yamai da ke gudu kamar ba za su tsaya ba, in ka kasa kunne akwai inda hannu ke sassautawa. Duk pedal ɗin da za ta maida waɗannan biyun su zama abu ɗaya ta cuce ka, ko nawa ka saye ta.

Bari in ɗan faɗi yadda abun ke aiki don in ka gane shi ba mai sayar maka da gwangwani. Mikron gita, wanga maganaɗisu da anka naɗe da siririyar waya ƙarƙashin tsirkiya, ɗan kuran, wato wutar lantarki, yake haifarwa duk lokacin da tsirkiya ta motsa, kuma yawan kuran ɗin yana bin ƙarfin bugunka, taɓawa mai laushi kaɗan ƙwarai, duka mai ƙarfi bisa mikro mai naɗi biyu irin humbucker kan iya kaiwa wajen volt 1. Pedal ta overdrive tana ɗaukar wanga ɗan kuran ta ƙara mashi girma, sannan ta sa mashi iyaka, sau da yawa da diyod, ta silikon tana fara yankewa wajen volt 0,6 ta jamaniyom kuma wajen 0,3. Abun da bai kai iyakar ba ya wuce lafiya lau, abun da ya kai a aske mashi kai, wannan askin shine gurnanin da kake ji. Buton da anka rubuta GAIN shi ke faɗin yawan ƙarfin hannun da kake buƙata kafin ka taɓo iyakar. Shi ya sa in ka murɗe shi har ƙarshe, ko numfashi ka yi kusa da tsirkiya ya riga ya taɓo iyaka, ba sauran wurin da hannunka zai yi magana. Kowace pedal ta duniya kurma ce in GAIN ya ƙure, wannan ba laifin mai ƙera ta ba ne. Bambancin pedal mai kyau da maras kyau yana tsakiya, nawa ne faɗin filin da ke tsakanin fes da gurnani, kuma a hankali ake shiga ko faɗawa ake.

Ampli mai lamp, irin na da mai ƴan kwalabe a ciki maimakon transisto, shi da kanshi yake wannan aikin, turawa can abun da suke so kenan, amma mu nan wa ke da shi? Ampli ƴan ƙanana na transisto muke da su, wani lokacin ma ba ampli, kai tsaye a soka ka cikin sono na mai biki tare da piyano da mikron murya huɗu. Kenan mu mun fi su buƙatar pedal ɗin da za ta ba mu wanga rai.

To BD-2. Sunanta Blues Driver, shuɗiya ce, kamfanin Boss na Japan ya fiddo ta a 1995 kuma har yau ana yin ta, buton uku ne kawai gare ta LEVEL da TONE da GAIN. Tawa ta hannu ce, wani yayana da ke Faransa ya aiko mani, fenti ya ɗan kankare gefen da ake takawa amma ciki lafiya. Reglaj ɗina, in ka ɗauki buton a matsayin agogo, GAIN wajen ƙarfe 10 zuwa 11, TONE ƙarfe 9 ko ɗan sama, LEVEL kuma daidai inda sauti ba zai yi tsalle ba in na taka. Sai in bar ta a kunne daga farkon wasa har ƙarshe, ba na kashe ta sam, volim na jikin gita shi ke sauran aikin. Volim ga 6 ko 7 da yatsa mai laushi, sautin fes yake amma da ɗan ɗumi, kana jin kowace tsirkiya daban. Nan dai ba ka taɓa komi ba ka sa farce ka finciko tsirkiya ta biyu, sai ka ji ta tsage kaɗan a baki ta koma ta lafa. Ka kai volim 10 ka buga da gaske, wallahi sai ka ce wata pedal ce daban anka taka.

Wurin biki ne ake gane amfanin wanga abu. An kafa tanti bayan la'asar, mata sun cika kujeru, mai waƙa ya shiga baiti yana kiran dangin amarya ɗaya bayan ɗaya, a nan ba a son gita ta hau kan murya, to ni ba na duƙawa ba na neman buton da ƙafa cikin wayoyi, hannu kawai nike sassautawa in koma shafar tsirkiya da naman yatsa, gita ta koma can baya tana rakiya. Yana ajiye baitin mai kalangu ya ɗaga, ƙawayen amarya sun miƙe sun shigo fili da kuɗin liƙi, sai in juya yatsa in sa farce in danna, nan take ta fito gaba da haƙoranta. Tsakanin biyun ko daƙiƙa guda ba a yi, kuma idona na bisa fili ba bisa ƙasa ba. Maigidanmu na orkes da ba ya yabon kaya da sauƙi ya taɓa juyowa bayan wasa yace mani, kai ɗan nan mi ka ƙara cikin kayanka, nace maigida ba abun da na ƙara, rage wa ma na yi, yace to ka bar shi haka.

Abun lura gare ta shine tana da haske da yawa. In gitarka irin Stratocaster ce mai mikro siriri, ko kwafinta da munka fi samu nan, kuma kana bisa mikron da ke kusa da gada, wato inda tsirkiyoyi ke zaune a jikin gita, TONE ya wuce ƙarfe 12 zai soki kunnen mutane musamman cikin bafal na sono masu ƙaho. Ka rage shi ba tsoro. Kuma ba ta yanke gindin sauti sosai, wanda ni ya yi mani daɗi saboda babban yatsa na fitowa da nauyinshi, amma ga ƙaramin ampli in GAIN ya yi yawa tsirkiya mai kauri na iya cakuɗewa. Akwai wadda sunka sake fiddowa a 2014 mai suna BD-2W, ta fi tsada, tana da ɗan makunni na ƙara kauri, mai hali ya saya amma ta asalin ta isa aiki.

Mutane da yawa za su ce to Tube Screamer fa, koriyar nan ta Ibanez da kowa ya sani, TS808 tun 1979 sai TS9 ta biyo baya. Pedal ce ta kirki ba gardama, amma halinta daban. Ita tana rage gindi kafin ta yanka, ta turo tsakiyar sauti gaba wajen 700 Hz da ɗan wani abu, kuma tana matse bugu, mai laushi da mai ƙarfi su matso kusa da juna. In cikin orkes mai mutum takwas kake kana son solo ɗinka ya huda piyano da bas ya fito, ita ce maganin. In kuma kai kaɗai ne da mai kalangu ko mai ƙwarya, babban yatsanka shine bas ɗinka, to za ka ji ta ɗauke maka ƙasa. Ni don haka na fi karkata ga shuɗiyar. DS-1 mai ruwan lemu kuwa ta 1978 distorsiyo ce sosai, an yi ta ne don ta yi ƙara, ba wurinta za ka nemi laushi ba.

Wadda ta ɓata mani rai ita ce wata ƴar ƙarama maras suna da na saya a wata butik, an fenta ta shuɗi an rubuta blues a jiki don ka zaci ƴar uwar waccan ce. Volim 10 gurnani, volim 5 gurnani ɗin ne dai amma siriri, volim 3 sai ta ɗauke ɗif kamar an zare kabul. Ba tsakiya ko kaɗan. Kuma in nota ta zo mutuwa ba ta lafawa, sai ta yi ƴar tsatsa tsss ta yanke. Ba wai duk masu arha haka suke ba, na taɓa kwafi na ƴan Cana da ke jin hannu yadda ya kamata, shi ya sa nike cewa kar launi ko suna ya ruɗe ka, hannunka za ka sa.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni sha'awa kuma ta fi wuyar sha'ani, wato filta mai bin hannu, wadda ke tace sauti ta bar wani sashe nashi kawai ya wuce, wasu na ce mata oto-wa. Kun san pedal ɗin wa-wa ta ƙafa da ake takawa gaba da baya tana wak wak, to wannan ba ƙafa, ƙarfin bugunka ne ke buɗe bakin filta. Uwarsu duka ita ce Mu-Tron III da kamfanin Musitronics na Amurka ya fiddo a 1972, Mike Beigel ya zana ta, Stevie Wonder ya sa ta ga klabinet, wani irin piyano na lantarki, Bootsy Collins ya sa ta ga bas, daga nan ta zama muryar kiɗan fonk. A cikinta akwai wani sashe da ke auna girman kuran da ke fitowa daga gita, ya maida shi haske, hasken ya faɗa bisa wata rezistans mai jin haske, ita kuma ta matsar da filta sama ko ƙasa. Ka buga da ƙarfi haske ya ƙaru baki ya buɗe waaa, nota na mutuwa haske na raguwa baki na rufewa uuu. Daga baya shi wanga Beigel ɗin ya yi aiki da Electro-Harmonix na Niyok sunka fiddo Q-Tron a shekarun 1990, wadda nike amfani da ita ƙaramar ce Micro Q-Tron, buton uku, DRIVE da Q da MODE mai LP da BP da HP, wato LP ya bar gindin sauti ya wuce, BP tsakiya, HP kuma siririn sama.

Duk wanda ya tashi yana jin kalangu zai gane ta nan take, yadda makaɗi ke matse tsirkiyoyin da hammata fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauko, har kalangu ya kira sunan mutum, haka gita ke komawa tana magana da wannan pedal ɗin, sai dai nan yatsa ne ke matsewa. Ranar da na fara samun reglaj ɗinta daidai na daɗe zaune bakin ƙofa ina buga layi guda ina canza ƙarfin yatsa kawai, kowane zagaye da abun da take faɗi.

Amma fa sai ka yi haƙuri da ita. DRIVE ɗinta ba gurnani yake ƙarawa ba, shine kunnenta, yana faɗin yawan bugun da zai buɗe filta. Ya yi ƙasa, kana ta duka ba ta buɗewa sauti na can a toshe. Ya yi sama, ta buɗe ta ƙi rufewa sai tsiwa. Wurin da ya dace ɗan siriri ne kuma ya danganta da gitarka da hannunka, reglaj ɗin abokinka ba zai yi maka ba ko gita iri ɗaya gare ku. Yadda nike yi, in buga da matsakaicin ƙarfi irin wanda nike yawan wasa da shi, in riƙa ɗaga DRIVE kaɗan kaɗan har ta fara buɗewa rabi, in tsaya nan. Kenan laushi na ƙasa ƙarfi na sama, duka biyu akwai wuri. MODE ni BP nike so ga waƙa, LP in ina son gindi ya zauna, HP siriri ne da yawa ban cika zuwa can ba. Q kuma in ka ɗaga shi sosai bakin filta na yin tsini, bugu mai ƙarfi zai yi tsalle cikin bafal har mai sono ya harare ka, rabi ya isa. Ƙaramar da ta biyo baya Nano Q-Tron an sa mata buton volim, wanda ke taimakawa nan wurin.

Ga wata matsala da ta shafe mu mu masu babban yatsa, wadda ba za ka ji masu mediyato na faɗi ba. Pedal ɗin ba ta san tsirkiya shida ba, jimillar kuran kawai take ji, kuma tsirkiya mai kauri ta fi ƙananan ƙarfi nesa. To in babban yatsa na ta dukan gindi ba tsayawa, shi ke riƙe bakin filta a buɗe, manuni na can yana waƙa amma wak ɗin ba ya bin shi, yana bin babban yatsa. Abu biyu sunka taimake ni. Na ɗaya in kwantar da gefen tafin hannu bisa tsirkiyoyi masu kauri kusa da gada, gindin ya zama gajere tuf tuf, filta ta samu damar rufewa tsakanin bugu. Na biyu in ɗauki turnabis in sauke mikro kaɗan ta gefen masu kauri, in bar gefen ƙanana a sama, sai ƙarfinsu ya matso kusa. Bayan haka sai waƙar ta karɓe ragama. Wani lokacin kuma da gangan nike barin babban yatsa ya ja ta, yana ba da wani irin numfashi bisa kiɗan takamba mai daɗi, amma wannan zaɓi ne ba dole ba.

Sai kuma rikicin da ke tsakaninta da BD-2, dole in faɗa. Na ce maku volim na gita nike ragewa in tsabtace shuɗiyar, to rage volim ɗin nan yana rage abun da Q-Tron ke ji, sai ta daina buɗewa. Ba yadda za ka yi ka samu duka biyu cikakku. Ni na daidaita DRIVE ɗinta ne da volim 7 inda nike yawan zama, in na hau 10 sai in san za ta buɗe da yawa in sassauta yatsa. Kuma jerin saka su na da muhimmanci ƙwarai, gita ta fara shiga filta, sannan overdrive, sannan eko, sannan ampli. In ka sa overdrive gaba ta riga ta aske bugun, filta ba ta da abun bi. Kompreso ma haka, irin MXR Dyna Comp ko Boss CS-3, aikinsu kenan su ɗaga mai laushi su danne mai ƙarfi, suna da amfani ga mai son nota ta daɗe ko ritim ya zauna daidai, amma in ka sa shi gaban filta ka toshe mata kunne da hannunka. In dole sai ka yi amfani da shi to bayanta, can zai ma taimaka ya kama tsallen nan na Q. Wani ƙanena da ke koyo wurina ya zo da kayanshi yana cewa yaya filtata ta lalace ba ta wak, na duba na ga kompreso ne farko kuma a ƙure, munka juya kabul biyu kawai ta dawo da rai.

Boss ma na da tasu AW-3 Dynamic Wah, ta abokina ce na ɗan riƙe. Dijital ce, tana da kafar gita daban ta bas daban, tana iya buɗewa sama ko ta yi ƙasa, har da wani yanayi mai kwaikwayon wasulan bakin mutum. Ta fi sauƙin saitawa kuma ba ta yawan tsalle, wanda bas da gita duka yake bugawa ita ta fi mashi. Ni dai kunnena ya fi son kaurin Q-Tron.

Fuz kuma, wato pedal mai gurnani mai kauri da ya fi na overdrive, nan ne zafin garinmu ya shigo magana. A duniyar pedal ba abun da ke tsabtacewa da volim kamar Fuzz Face, mai zagayen nan da anka fara yi a Ingila a 1966 wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita, transisto biyu ne kacal a ciki, kuma tana hulɗa da mikron gita kai tsaye, ka rage volim kaɗan ta koma wani fes mai ƙyalli da ba ka samu wani wuri. Na farkon da jamaniyom anka yi su, shi kuma jamaniyom halinshi ne yana canzawa da zafi, yana ɗumama yana ƙara yoyon kuran, ma'aunin da anka daidaita transisto a kai ya goce. Tawa kwafi ce ta jamaniyom da wani ya haɗa da hannu. Cikin hunturu, watan 12 da na 1 da dare, wallahi ba ta da na biyu, har nakan manta da BD-2. Amma bazara na shiga, watan 4 da na 5 da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa balle ƙarƙashin tanti bisa ƙasa mai zafi, sai ta zama wata aba, sauti ya yi laɓo-laɓo, nota na yankewa tun ba ta gama ba, volim ɗin ma ya daina tsabtace ta. Na kai ma wani dattijo mai gyaran rediyo, ya auna ya ce mani ɗana ba abun da ya ƙone, irin transiston ne ba ya son rana, tsoffin rediyo ma haka suke yi. Don haka mai son fuz a Maradi ya nemi ta silikon, ba ta kai waccan laushi ba amma abun da ta ba ka da safe shi za ta ba ka da azahar. Kuma ka tuna ita ce ta farko a jeri kafin komi, saboda pedalolin Boss ko a kashe suke akwai wani sashe a cikinsu da ake ce ma bafa da ke aiki, yana shiga tsakanin mikron gita da abun da ke biye, in fuz irin wannan ta zo bayansu tsabtacewar nan ta tafi.

Akwai wasu da ke bin hannu ta wata hanya, ba zan daɗe kansu ba. Eko mai kaucewa, irin wanda TC Electronic sunka yi suna da shi tun na'urarsu 2290 kuma akwai shi cikin Flashback, kana bugu eko ya lafa, ka tsaya ya taso ya cika wurin, yana da kyau ga layi mai sauri don ba ya cakuɗa maka nota. Slow Gear ta Boss ta 1979 kuma tana cinye bakin nota ta shigo da ita a hankali kamar goge, an daɗe da daina yin ta sai kwafi.

Maganar kuran kar a raina ta, don tana taɓa jin hannun kai tsaye. Yawancin waɗannan volt 9 suke ci. Pil na raguwa iyakar kuran da pedal ke iya fitarwa tana saukowa, overdrive ta fara gurnani da wuri filin fes ya ƙanƙance, filta kuma reglaj ɗin da ka sha wuya ka samu ya goce. Pil ƴan arha na bakin kasuwa ba sa kai ka ko'ina, in za ka saya ka sayi alkalin, kuma ka zare kabul daga INPUT in ka gama don muddin yana ciki pil na ci ko pedal na kashe. BD-2 ba ta da ci sosai, masu dijital su ne ke shanye pil. In da adapta za ka yi aiki, ka duba zanen da ke jiki, na pedal tsakiyar bakin shine moyin wato negatif, akasin yawancin adaptocin rediyo da dekoda da ke gidajenmu, ka soka na dekoda mai volt 12 da baki a juye kana iya ƙona ta nan take. Wurin biki kuma da grup ake yawan aiki, kuran na hawa na sauka, ga firiza da fitilu duk bisa layi ɗaya, adapta maras kyau zai kawo maka zuuu cikin bafal, kuma filta na jin wannan zuuu ɗin a matsayin bugu. Ni wasan waje da pil nike yi, adapta na gida ne da repetisiyo.

Ƙura ita ma, lokacin buji tana shiga cikin buton, kana murɗawa kana jin ƙarar yashi, volim na gita ya fi kowa shan wahala kuma shine kayan aikinka na farko a wanga salon. Bom na wanke kontak da masu gyaran waya ke da shi ya isa, fesa kaɗan ka murɗa gaba da baya, ban da man inji ko wanda ake sa ma ƙofa. Bayan wasa ka goge su ka sa cikin jaka mai zip. Tsirkiya ma in ta tsufa ta yi tsatsa da zufa ba ta ba da bakin nota mai kaifi, filta sai ta yi kasala, kafin ka zargi pedal ka canza su tukuna.

Wajen saye, sabuwar BD-2 a Turai tana wajen yuro 100, da lissafin sefa 655 da ɗori ga yuro guda ka ga ta haura jika 65 tun ba a sa kuɗin kawowa ba, Q-Tron ma kusan nan take. Ta hannu ta fi sauƙi kuma akwatin Boss ƙarfe ne mai jure taku, ba abun tsoro in ciki lafiya. Nan garin samunsu sai an dace, yawanci sai dai Yamai ko Kano ko a aiko maka daga waje. In da kanka za ka je ka tafi da gitarka, kar ka gwada da ta mai butik don mikronta ba naka ba ne, ka sa GAIN ƙasa da rabi, ka buga nota guda a hankali sannan da ƙarfi, ka sauke volim zuwa 6 ka maimaita, sannan ka bar nota ta mutu da kanta kana saurare har ƙarshe ko za ta yanke. In kuma aike za ka yi, ka ce ma wanda ka aika ya ɗauko maka bidiyo ta WhatsApp ana yin wanga gwajin, hannun mai bugun da buton volim duka su fito cikin hoto, kuma a buɗe murfin pil a nuna maka ciki ko tsohon pil ya taɓa zubewa ya ci wayoyin.